Jajayen Turakun Kawu

Abu na farko da na gani ta cikin madubin awon ƙasa na Kawu shi ne Innata, kanta a ƙasa, ƙafafunta a sama, tana daka. Kawu ya kafa madubin a tsakar gidanmu na Tawa bisa ƙafafunsa uku na katako, ya ce in rufe ido ɗaya in leƙa. Turmi na rataye daga sama, taɓarya na hawa zuwa gare shi, hatsi kuwa ko ƙwaya bai zube ba. Na ja da baya da sauri har na taka kaza.

"Mi kika gani?" in ji Inna, ba ta daina dakan ba.

"Ke na gani, Inna, a kife."

"To ku tahi ku kife wani, ni aiki gare ni. Kai kuma Auta, da girmanka da rawaninka, ka rasa abin da za ka nuna ma ɗiya sai uwarta a kife?"

Kawu ƙanenta ne, shi ne na ƙarshe a ɗakinsu, kuma ko da ya yi furfura ba ta taɓa kiransa da wani suna ba. Ya yi dariya ya ce haka madubin yake, komai ya ɗauko daga nesa sai ya juya shi, mai awo ne ke miƙe shi a cikin kansa.

A shekarun farko ne bayan samun ƴancin kai. Na gama lakwal, wato makarantar boko, ina buga takardu a biro, ofishin da Kawu yake aiki, ina jiran a tura ni koyarwa. Shi kuwa ya yi shekaru yana riƙe wa wani Bature sandar awo, yana tsaye a rana inda aka ce ya tsaya. A hankali ya koyi karatun madubin, ya je ya yi jarrabawa, ya dawo da takarda. Da Baturen ya koma gida, sai aka ba Kawu aikin da ya bari, wato awon wata hanya da ake so ta tashi daga kasuwar dabbobi ta Tawa ta gangara kudu har iyaka, inda za ta haɗu da wadda mutanen Najeriya za su jawo daga wajen Sakkwato.

Babu ko mota ɗaya ta zuba marmara a lokacin. Hanyar duk tana cikin kan mutane da kan takarda. Ni abin da ya riƙa ba ni mamaki ke nan, a ce abu mai tsawon tafiyar kwanaki yana kwance a kan teburin Kawu, ƙarƙashin kofin shayi. Nakan sa yatsa a Tawa in ja shi zuwa iyaka kafin in ja numfashi biyu, alhali Inna ta sha ba mu labarin yadda suka sha wuya a kan jakuna lokacin da suka je biki wajen dangin kakarmu a can ƙetare.

An yi alkawari tsakanin ɓangarorin biyu. Kowa zai gama awon nasa, ya san tudu ya san gangare, ya san inda korama za ta buƙaci gada, sannan a haɗu a iyaka kafin damina a sa hannu a kan taswira ɗaya. Masu taimakon da za su gina hanyar ba za su dubi rabin taswira ba. An kuma aiko wa Kawu da magana daga sama, ba a ɓoye masa ba: in damina ta sauka bai gama ba, za a ɗauko ƴan waje a ba su aikin, shi ya koma riƙon sanda. Ni na ga yadda ya ninke takardar ƙanana ƙanana ya sa a aljihu, ya fita bai sha shayinsa ba.

Da sanyi suka bi daji suka kafa turaku, ɗaya bayan ɗaya, a kan layin da hanyar za ta bi. Turakun na katako ne, an shafa wa kawunansu jan fenti, ni kuma na rubuta wa kowanne lambarsa da farin fenti a bayan biro, har yatsuna suka yi mako suna wari. Bayan kafa turaku sai a sake bin su da madubi, a auna tsayin ƙasa a gindin kowanne. Kawu ya fara da kudu, inda laka take, don kada ruwan farko ya tsare shi a can. Ya bar na kusa da gida, tudun da ke bayan Bambeye, sai ƙarshe. Ya ce dutse ba ya gudu.

Da bazara ta yi nisa ya dawo, ya rame, ya yi baƙi, amma yana raha. Saura tudun nan kawai. Na roƙe shi ya tafi da ni, na roƙi Inna har ta gaji.

"Ki tahi ki ga inda rubutunki ya tsaya," in ji ta. "Amma Auta, in rana ta taɓa min ita, kai da ni ne."

Muka fita da sassafe a kamyo, babbar motar kaya, ni da Kawu a gaba tare da direba, masu sanda da sarƙar awo a baya. Ban taɓa hawa tudun Adar ta wannan gefen ba. Ƙasa ja ce, cike da baƙaƙen duwatsu kamar an watsa su da gangan, sai aduwa nan da can, sai kuma kwatsam ƙasar ta tsage ka ga kwari a ƙasa da gawo da gonaki. Ko'ina ana sassabe. An tara kara da ƙaya tsibi tsibi an cinna musu wuta, hayaƙi na tashi a miƙe saboda babu iska. Can gabas kuwa, ƙasa ƙasa, akwai wani farin gajimare mai kai kamar tulin auduga. Direba ya nuna shi da haɓa.

Muka tsaya inda turken farko ya kamata ya kasance. Kawu ya sauka, ya duba dama, ya duba hagu. Ya taka gaba, ya dawo. Masu sanda suka bazu cikin gonaki. Babu jan kai ko ɗaya, har iyakar ganin ido.

"Gara ce ko mata?" in ji direba. "In mata ne, Malam, hanyarka ta daɗe da dahwa tuwo."

Ba wanda ya yi dariya. Kawu ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya daɗe yana kallon gajimaren nan. Sake fitar da layin daga farko a kan wannan tudu zai cinye abin da ya rage na bazara, ya ci wani abu na damina. Ko ni da ban san awo ba na san wannan.

Muka nufi ƙauyen da gonakin suke nasa. Mai gari dattijo ne gajere mai fara'a, ya tarye mu kamar ya daɗe yana jiranmu. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka kawo ruwa da fura. Ni aka ce in shiga ciki wajen mata, amma na zauna daga bakin ƙofa inda zan ji. Kawu ya yi gaisuwa har ƙarshenta, bai gajarta ba, ko da yake na ga yatsunsa na murza bakin tabarma. Kafin ya buɗe baki ya yi tambaya, mai gari ya ɗaga hannu.

"Na san abin da ya kawo ku. Ku kwantar da hankalinku, kayanku na nan, ko ɗaya bai ɓace ba."

Ya yi kira, sai ga maza suna fitowa daga wani rumbu da dammuna a ka. Suka sauke a gaban Kawu. Turakunmu ne, an ɗaure su da igiyar kaba dami dami, jajayen kawunan duk gefe guda, an ma share musu ƙasa. Ga rubutuna fari tas a jikinsu.

"Da munka ga lokacin ƙuna ya yi," in ji mai gari, "na ce wanga icce na baƙi ne, mai fenti, an sha wahala kansa, sun manta da shi cikin gonakinmu. In wuta ta ci shi, da wane ido za mu dube su? Sai na sa anka yi shela, kowa ya ga ɗaya ya kawo."

A ƙasar nan haka ake yi. Abin da baƙo ya bari a gonarka, ko wuƙa ce ko akuya, ba naka ba ne, ba kuma ka barinsa ya lalace. Gidan mai gari za ka kai shi, ya zauna amana har mai shi ya dawo. Lokacin da su Kawu suka wuce da sanyi, sauri suke yi, sun gaisa da mai gari daga cikin mota, ba su zauna ba. Ba wanda ya gaya wa kowa abin da itacen yake yi a wurin.

Kawu ya sa hannu ya shafa dami ɗaya. Ya ce, "Allah shi saka da alheri, ranka shi daɗe." Muryarsa ta fita daidai. Sannan ya yi bayani a hankali, cewa amfanin turken shi ne wurin da yake tsaye, in an cire shi ya zama itace kawai. Ya faɗi maganar hanya, da mutumin Najeriya da zai jira shi a iyaka, da damina. Maganar riƙon sanda ce kawai bai faɗa ba.

Na ga fara'ar mai gari tana sauka daga fuskarsa kaɗan kaɗan. 

"Ashe ɓarna munka yi," in ji shi.

"Ni na yi ta, da ban zauna na gaya muku ba."

"Bari rabon laihi, ɗana, ba shi maida icce rami." Ya ja gemunsa. "Amma tsaya. Mu nan ba a kawo tsintuwa a aje a tahi. Duk wanda ya kawo sai ya hwaɗi inda ya same ta gaban mutane, don in mai ita ya zo a gaya mishi. Kowa ya san inda ya tumɓuke nashi. In sun maida, zai yi?"

Kawu ya ce ko taki ɗaya aka kuskure, awo ya ɓaci. Sai kuma ya yi tunani ya ce, amma in suna kusa da wurin, madubi zai iya gyara sauran, kuma hakan ya fi sake farawa nesa ba kusa ba. Akwai sauran matsala: kowane turke da lambarsa, dole su bi juna, mutanen kuwa ba su karanta boko.

Wata tsohuwa da ke zaune kusa da ni tana kaɗi, yayar mai gari ce, ta yi tsaki. "Lamba ta mi? Nawa mai ƙulli ne a wuya, kamar na maƙoƙo. Ko cikin duhu na san shi."

Muka kwana a garin. Da gari ya waye mai shela ya zaga da ganga, har tungayen da ke kewaye aka aika. Aka kwance dammunan aka baza turakun a ƙofar mai gari, mutane suka kewaye su kamar masu neman awakinsu a kasuwa. Wannan ya ɗaga ya juya ya ajiye, wancan ya ce a'a, nasa ya fi wannan kauri, yana da tsaga a gindi. Wasu mata biyu suka kama guda ɗaya kowa na ja.

"Sake min, ke da ko tukunyarki ba ki ganewa ranar biki!"

"Naki mai baƙin tabo ne, makauniya, ga shi can ƙarƙashin ƙahwar mijinki!"

Kafin rana ta yi zafi kowa ya ɗauki nasa ya kama hanyar gonarsa. Turke ɗaya kawai ya rage a ƙasa. Wani Buzu ne ya kawo shi, ya kuwa riga ya yi arewa da raƙumansa.

Kawu ya kafa madubin a kan wani dutse mai tsayi a bakin tudun, inda tun farko suka dasa alama da siminti, wadda ba a iya cirewa ba. Ni ya ce in bi layin da ƙafa tare da ɗaya daga masu sanda, in karanta lambobin. Na fara da tsohuwar, tana tsaye a gefen gonarta ta rungume turkenta kamar jariri. Na duba lambarsa. Na taka zuwa na gaba, wani mai kafaɗa ɗaya sama, lambarsa ita ce mai bi. Na gaba ma haka. Na gaba ma haka.  Ni na rubuta lambobin nan a bayan biro, ina hamma, ina tunanin wasu abubuwa, ga su yanzu suna fitowa ɗaya bayan ɗaya daga hannun mutanen da ba su san abin da suke cewa ba. Sau biyu kawai na sami waɗanda suka yi musanya, maƙwabtan gona ne, suka karɓi gyara suna zargin juna. Sai wani mutum da na hango can gefe, nesa da kowa, a tsaye daidai ƙofar gidansa.

"Baba, nan ka same shi?"

"Nan ya kamata a ce na same shi, ɗiyata. Hanya ba ta son inuwa?"

Mutane suka yi masa ca, ya taho yana gunaguni, ya tsaya inda ramin yake tun farko, ga shi ma a buɗe.

Da na dawo kan dutsen ina haki, Kawu ya matsa gefe. Ya nuna min madubin. Na rufe ido ɗaya na leƙa.

Ƙasa ta koma sama, ja, mai duwatsu. Daga jikinta mutane suke rataye, ɗaya bayan ɗaya, kawunansu na lilo a cikin sararin da ba shi da iyaka. A kusa ina ganin har zanen tsohuwar da ƙullin turkenta. Na bayanta ya fi ta ƙanƙanta, na bayansa ya fi shi, riguna farare da shuɗɗa, kowanne da ɗigon ja a hannu, suna tafiya suna ƙanƙancewa har suka zama kamar ƙwayoyin tasbaha, har zafin rana ya narkar da na ƙarshe ya zama rawa kawai a cikin iska. Layin ya miƙe, ya sauka kwari, ya ɓace, ya sake ɓullowa a tudun gaba, yana nufar kudu. Hayaƙin gonaki na zuba ƙasa maimakon ya tashi. A ƙarƙashinsu duka, can cikin zurfi, wani farin gajimare na kwance kamar tafki.

Hanyar ce. Na sha ganinta a takarda, siririn layi ƙarƙashin kofin shayi, amma ranar nan na gan ta tana numfashi, tana gyara ɗaurin zane, tana korar ƙuda. Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Sai da idona ya cika da ruwa komai ya gauraye sannan na ɗago.

"Kin gani?" in ji Kawu.

"Na gani."

"To ba ni wuri, rana na tahiya."

Ya ɗaura farin ƙyalle a sanda. In ya kaɗa dama, mai turke ya matsa dama, in ya kaɗa hagu ya matsa hagu, in ya sauke, masu sanda su buga turken a wurin. Wasu taki ɗaya suka matsa, wasu tafin hannu. Tsohuwar ko motsi ba a sa ta yi ba, ta kuwa tabbatar kowa ya ji. Gurbin Buzun nan Kawu ya cike shi da awo, daga na gabansa da na bayansa. In an gama da iyakar abin da madubi ke gani, sai a ɗauke shi a kai gaba, mata na biye da mu da ƙwaryar fura da cuku. Aikin da zai ci sauran bazara, a cikin ƴan kwanaki aka gama shi har da awon tudu da gangare. Mai gari da kansa ya sa aka kewaye kowane turke da duwatsu, aka share kara daga gindinsa saboda wuta.

Na roƙi Kawu ya tafi da ni iyaka, wannan karon Inna ba ta ma yi gardama ba, sai ta ba ni saƙon gaisuwa ko zan ga wani daga dangin kaka. Iyakar ba komai ba ce, fili ne da wata tsamiya. Mutumin Najeriya na zaune a gindinta, dogo mai tabarau. Takardunsa da Ingilishi suke, na Kawu da Faransanci, shi yana awo da ƙafa, Kawu da metir. Suka baza takardun a kan tabarma, kowa ya dubi na ɗan'uwansa ya girgiza kai, sai suka koma Hausa, suka yi ta lissafi suna juya wannan zuwa wancan. Turkensa na ƙarshe fari ne, na Kawu ja, tsakaninsu bai fi taki guda ba.

"Naka ne ya karkace, mutumin Faransa."

"Nawa mutane sunka riƙe shi da hannu, mutumin Ingila. Naka wa ya riƙe?"

Kawu ya ba shi labarin dammunan. Mutumin ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido, ya ce nasa da suka ɓace a wani gari ba wanda ya adana masa, a murhu ya same su. Daga ƙarshe suka cire duka biyun, suka buga ɗaya a tsakiya. Suna cikin sa hannu iska ta taso mai sanyi da ƙanshin ƙasa, ɗigon farko ya faɗo a kan taswirar, daidai gefen sunan Kawu. Ya rufe ta da rigarsa, muka ruga kamyo.

Ba a karɓe masa madubin ba. Ya riƙe shi har ƙarfinsa ya ƙare, kuma daga wannan shekarar duk garin da zai yi awo sai ya fara sauka daga mota, ya zauna a zauren mai gari da jan turke ɗaya a hannu, ya sha ruwansu, ya bar shi ya zaga hannu hannu. An daɗe kafin motocin marmara su zo, na riga na yi nisa a koyarwa. Ranar da muka dawo daga iyaka, a jiƙe, Inna na bakin murhu. Ta dubi ƙanenta, ta dubi akwatin madubin a hannunsa.

"An bar maka abin kife mutanen?"

"An bar min, Yaya."

"To aje shi can nesa da turmina, ka zo ka ci tuwo."